Kaset ɗin jitar da ba waƙa

Ina ɗan shekara tara a Wagini, wata la'asar Baba ya kama ni da kaset ɗin yayana. Jitar lantarki ce zalla, wani Bature yana kaɗa duk abin da ya zo masa a gaban jama'a.

Baba ya saurari gefe guda cur, fuska a murtuke, yana jiran a fara waƙa.

"Wa yake yi wa kirari?"

"Ba kowa, Baba."

"Ƙarya ne. Mai garaya ma in ya yi shiru, iskoki yake kira."

Ya tofa wa kaset ɗin addu'a, ya tafi da shi.

Bayan rasuwarsa na sami kaset ɗin cikin rikodarsa, an juya ɗaya gefen. Har yau ban yarda bincike kawai yake yi ba.