Hawayen da Talle Ta Kai Gidan Yalwa

Tun da hukuma ta fara zuba maganin kwantar da ƙwaƙwalwa a ruwan famfo, faɗa ya ƙare a garin, kuka ma ya ƙare.

Da ƙawarta Yalwa ta rasu, Goggo Talle ta daina shan famfo, sai ruwan saman da ta tara a randa. Ranar da mijin Talle ya mutu, tun kafin a fara zuba maganin, Yalwa ta taya ta kuka har muryarta ta dishe, ita kuwa Talle ba a yi mata alheri ta kasa ramawa.

Ran sadakar uku ta isa gidan. Mata na zaune suna ɓarar gyaɗa. Tana zama idonta ya ciko.

Asabe, 'yar marigayiyar, ta durƙusa gabanta da kofi. "Goggo, ciwon ido kike? Sha ruwa."

"Uwarki fa ta mutu, 'yar nan."

"Eh, shekaranjiya. Sha mana, Goggo."

Ba a ƙin ruwan gidan makoki. Talle ta sha. Ta ɗan jira, hawayen suka koma. Sai ta jawo faifan gyaɗar gabanta.