Mai Fito da Jiƙaƙƙen Wando

Ka ce nauyin likita kake ji? To, matso in ba ka misali da wani mai fito.

A wani gari na bakin gulbi an haifi wani yaro da lalurar da ba kasafai ake ganin irinta ba. Ƙofar fitsarinsa ba ta zo inda aka saba ba, can sama kusa da mara ta buɗe, fitsarin kuma ba ya riƙuwa, kullum cikin ɗiga yake. Yana da shekara huɗu ubansa ya kai shi asibitin birni, aka duba aka ce a wannan zamani babu yadda za a yi, sai haƙuri. Uban ya dawo ya ja bakinsa ya tsuke, uwar ta ƙara tara tsummoki, maganar ta mutu a ƙuryar ɗaki. Gidansu gidan masaƙa ne, amma da ya tasa sai ya guji zaman saƙa ya koyi tuƙin kwalekwale, domin ya lura a bakin ruwa ba mai tambayar abin da ya jiƙa wa mutum wando. Ya haura shekara talatin yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa. Sau biyu ana yi masa tayin mata yana cewa bai shirya ba, har 'yan gari suka soma raɗe-raɗin ko aljanar ruwa ce ta aure shi. Ya ji, ya ƙyale su, don a ganinsa gara wannan zance da gaskiyar.

Wata ranar kasuwa, wata tsohuwa mai yawan magana ta shiga jirginsa tare da surukarta mai goyo. Tun kafin a bar gaɓa ta fara ba fasinjoji labarin jikan nata: yadda aka haife shi da ƙofar a sama, yadda likitoci suka sa tabarau mai ƙara girman abu, suka naɗe fatar wurin suka yi masa sabuwar hanya da zare mai sirin gashi, suka kuma gyara bakin mafitsara. Ta ce inda fata ta gaza ma, daga cikin kumatu suke yankowa su cike. Mai fito ya shagala da sauraro, har ruwa ya janye jirgin ya wuce inda ake sauka, sai da fasinjoji suka yi masa tsawa. Da kowa ya sauka, ya miƙa wa tsohuwa ƙullinta amma ya ƙi saki. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Iya, aikin nan yara kaɗai ake yi wa?” Ta dubi fuskarsa, ta dubi wandonsa, ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ɗan nan, ni ba likita ba ce. Amma na ga mai gemu a layinmu na asibiti. Ka je ka tambaya, bakinka ba zai tsage ba.”

Sai da ya yi mako uku yana saƙawa da kwancewa kafin ya bar wa maƙwabcinsa jirgin ya hau mota. A gaban likita ma sai ya ce wai wani abokinsa ne ke fama. Likitan ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To, Malam, ka ce wa abokin naka ya hau gadon nan in duba shi.” Mai fito ya yi dariyar da hawaye suka biyo bayanta, ya kwance mazagin wandonsa. Ba a rana ɗaya aka gama ba. Aikin farko ya bar wata 'yar ɓula mai yoyo, ya koma gida da baƙin ciki, bayan wata shida aka sake shiga da shi. Na babba ya fi na yaro wuya, likitan bai ɓoye masa ba, kuma har yau in ya ɗaga kaya mai nauyi yakan ji ɗan ɗigo. Amma ya kwana a busasshiyar tabarma, ya tashi ya shafa ta da tafin hannu yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Bayan shekara biyu ya ji an haifi irin wannan jariri a wani ƙauye na tsallake, uban ya hana kowa ganinsa. Mai fito ya tuƙa jirginsa ya je, ya yi sallama, ya zauna a zaure ya faɗa wa mutumin abin da bai taɓa faɗa wa ɗan'uwansa na jini ba. Washegari shi ya ƙetarar da su zuwa tashar mota.

Saboda haka tashi ka sa takalminka ka je wurin likita. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.