Saura Kwana Ɗaya a Narkar da Motar Baba

Doka ta ce duk motar da ta kwana talatin ba ta motsa ba, za a narkar da ita. Ɗan allon da hukuma ta manna wa tsohuwar motar marigayi mahaifina yana ta ƙirge. Yau saura kwana ɗaya, ga giyar motar ta ƙi shiga.

Makanikai uku suka zo da na'urarsu, suka rasa inda za su jona ta. Haushi ya sa na ɗauko Baba Ɗanjuma, tsohon direba.

Ya tuɓe takalmi, ya taka kuloci.

"Lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka takawa har ƙasa, ɗan nan."

"Haba Baba, mako uku fa ina fama!"

"Shiga ka taka!"

Na taka, na sa giya. Motar ta zabura da baya, ta rushe katangar maƙwabcinmu. Allon ya koma talatin.