Furen Minjirya a Tukunyar Miya

Tunda ka ce idonka ya ishe ka shaida, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani manomi da ya shekara goma sha biyar yana shan miyar gurjiya, wannan itace mai jan fure da mata ke tsintowa da rani su yi miyar yauƙi. A akushi kawai ya san ta, bai taɓa ɗaga kai ya dubi uwar itacen ba. Wata shekara surukarsa ta kwanta ciwo a wani gari, matarsa ta tafi jinya, ta bar masa 'yarsu tilo mai shekara biyar. Kuka ta ƙare, busasshiyar kuɓewa ta ƙare, yarinya kuwa ta kafe sai miyar gurjiya irin ta innarta. Zana ɗaya ce ta raba gidansa da na wata tsohuwa, da ya yi sallama da ta ɗibar masa. Amma gogan naka ya ga ina shi ina roƙon kayan miya, magidanci da gemunsa? Sai ya zaga ta bayan gari da hantsi, kamar mai zuwa duba gona.

A bakin rafi ya tarar da itatuwa biyu. Duk sun zubar da ganye, duk da ƙaya a jikinsu, duk sun yi jawur da fure. Ɗaya doguwa ce, furenta mai kauri kamar ƙaramin ƙoƙo, can sama inda sai da gora. Ɗayar gajeruwa, furenta siriri, hannu ma yana kaiwa. Ya ce a ransa ja dai ai ja ne, ya tsinke na gajeruwar, har da jajayen 'ya'yanta da ya gani a ƙasa ya haɗa. A hanyar komowa ya yi kiciɓis da mata sun taso daga rijiya, ya yi wuf ya cusa ƙunshin cikin riga, ya danne da hammata, aka gaisa ya wuce. Kowacce a cikinsu da ta ƙyalla ido sau ɗaya, da ta ce masa ya zubar.

Ya daka, ya kaɗa, miya ta ƙi yauƙi. Ya ɗora laifin a kan hannunsa na namiji, ya ƙara kanwa da daddawa. Da ya ga miyar ba ta da yawa, ya juye wa yarinya duka, shi ya ci gayan tuwo. Ta yamutsa fuska ta ce, "Baba, da ɗaci." Ya ce, "Daure ki cinye, uwata," ya riƙa ba ta a baki loma bayan loma, yana mata wasa har kwano ya zama wayam.

Bayan azahar ya kira ta ta kawo masa buta, ya ji shiru. Ya same ta zaune a gindin rumbu, kai ya langaɓe. Ya ɗaga hannunta ya saki, hannun ya faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Idonta a buɗe yake, tana kallonsa, leɓe yana motsi amma magana ta ƙi fita. Nan tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tunda aka haife shi. Ya kara kunne a ƙirjinta, numfashi ya zo, ya tafi, ya daɗe bai dawo ba, har sai da ya girgiza ta. Mutumin da ya ji kunyar yin sallama da safe, shi ne ya kurma ihu har ƙarshen unguwa, ya bangaje zanar nan ya faɗa gidan tsohuwa.

Tsohuwa ba ta tsaya tambaya ba. Ta leƙa turmi, ta tsinto jar ƙwaya guda da ta tsere wa taɓarya, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ɗan nan, minjirya ka ba ta? Ai guba ce!" Ta sa yarinya ta amayar da abin da ya samu, maza suka ɗaura amalanke aka ɗora ta, aka nufi asibitin cikin gari. Shi kuwa bai hau ba, a guje ya bi gefe babu takalmi, tafin hannunsa a bakin hancinta, duk inda ya daina jin ɗumin numfashi sai ya ƙwala kiran sunanta. Tafiyar ba ta da nisa, amma ya ce bai taɓa ganin hanya mai tsawonta ba.

Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Ta kwana uku a asibiti, harshe ya saki, ƙafa ta taka, aka dawo da ita gida. Sai dai tun daga ranar, in uban ya gutsuro tuwo ya miƙa mata, takan rufe baki ta ɓuya a bayan innarta. Ko ƙuli-ƙuli ya sayo, sai ya ba wani ya ba ta. Har ta girma aka kai ta ɗakin miji, ba ta ƙara karɓar loma daga hannunsa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba wane ba ne.