Munduwar Sambo a Hannun Tabawa

Ku matso ku sha labari. A zamanin nan ba cin wasa kaɗai ke ɗaga kulob ba, har da bugun zuciyar magoya baya, wanda munduwa ke aunawa. Sambo tela, shekara arba'in yana bin kulob ɗin Damisar Kogi, amma zuciyarsa ta daina zabura. Aka ce in ba ta motsa ran Lahadi ba, za a soke sunansa daga cikin magoya baya.

Sai ya zauna a gida, ya saka wa matarsa Tabawa munduwar. Ana take wasa ya ce, "Kin ji abin da surukar Lantana ta yi?"

"Me ta yi, Malam? Faɗi mana!"

Ya yi ta ja mata rai, zuciyarta na ta bugawa, har aka tashi daga wasan. Kulob ya haura mataki.

Washegari ga jami'in kulob da fara'a: "Baba, ka samu kujerar dindindin a filin wasa. A can za mu saka maka munduwar da hannunmu."