Littafin da Ya Cika Tsabta

A taƙaice, Hukumar Tantance Marubuta ta ƙi karɓar littafin Hajiya Tabawa, tsohuwar ungozoma, saboda ya cika tsabta. Tun da na'urori suka fara rubuta littattafai, sai an ga sokewa da gyara a takarda ake yarda mutum ne ya rubuta.

"Hajiya, ina takardun farko, masu kurakurai?" in ji ma'aikacin hukumar.

"Ɗana, na kwafe da kyau ne don kada in ji kunya. Tsofaffin na ba mai ƙosai."

"To, a koma a sake. Wannan karon a adana kurakuran."

Tabawa ta ɗauki jakarta. Asarar dai: shekara shida, shafi ɗari uku, da ganin idonta na hagu.