Goron Sallar Kaka

Tun da aka kawo injin ɗiban shekaru garinmu, jika ne ke ba kaka goron Sallah. Shekara guda ake zarewa daga kwanakinka a zuba a nasa. Wai biyayya.

Bana ma Inna ta tasa ni gaba zuwa gidan kakanmu, Malam Tanko. Muka tarar da jikoki a layi gaban injin, kowa ya naɗe hannun riga. Shi kuwa yana tsakar gida yana shan rake da haƙoran da bara ba shi da su, ruwan yana bin gemunsa baƙi wuluk.

Na ce, "Inna, ni kam ba zan bayar ba. Shekarata goma sha shida, amma gwiwata ciwo take."

"Rufe min baki, Barira," in ji Inna, tana dogara sandarta. "Mu ma mun bayar. In kin tsufa, naki jikokin za su ba ki."

Na durƙusa na gaishe shi, gwiwar ta yi ƙas. Ya leƙa gefen ɗankwalina, ya tsige silin furfura, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Ku yaran yanzu ba ku da ƙwari. Miƙo hannun."